Wayar da ke Saman Kwano

Wata bakwai cur Muhibba da Sadisu ba su ce wa juna ko sannu ba, alhali tsakanin teburinta da nasa taku uku ne, ga mai dogayen ƙafafu ma biyu. Ofishin nasu yana Nyanya, saman bene, ƙasansu mai faci ne da ke buga ƙarfe tun safe. Kamfanin rubuta manhajar kwamfuta ne, amma kada a ji kamfani a ɗauka wani abin kirki ne. Ɗaki ɗaya ne, fanka biyu, sai mai wurin, Oga Zacharias, wanda bai san ko alif ba a aikin, sai dai in ya buɗe baki gaban kwastoma sai ka rantse shi ya ƙera kwamfutar.

Asalin gabar kuwa caja ce. Ran nan aka kawo wuta, Muhibba ta ga wayarta na neman mutuwa, ta zare wata igiya daga soket ta sa tata. Ashe igiyar kwamfutar Sadisu ce, batirinta kuwa ya daɗe da rasuwa. Aikin wuni guda ya tafi. Ya kira ta marar tarbiyya, ta kira shi matsiyacin da ya kasa sayen batir. Nan ta ɗaga yatsa sama, a gaban Oga da mai facin da hayaniya ta hawo da shi, ta ce, "Wallahi tallahi idona ba zai ƙara sauka a kan rubutun wannan mutumin ba."

Oga ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya raba musu aiki kamar an raba gona. Kowa da fayil ɗinsa, kada wani ya taɓa na wani. In magana ta kama, sai a bi ta kansa.

"Oga, gaya wa wancan ya rage ƙarar rediyonsa."

"Oga, gaya wa waccan ba ɗakin uwarta ba ne."

Haka aka zauna.

Babban aikinsu na wani estet ne a Lugbe, gida ɗari da ashirin. In baƙo ya zo get, mai gadi ya rubuta sunansa a waya, nan take saƙo ya tafi wa mutumin da ke cikin gidan: wane ya zo, a bar shi ko a'a? Muhibba ce mai kula da mutane da saƙonni. Sadisu ne mai kula da gidaje, kuma a hannunsa wurin da ake haɗa mutum da gidan da yake zaune.

To a nan sai an ɗan yi haƙuri, don in ba a gane wannan ba, ba a ji daɗin rigimar ba. A aikinsu akwai abin da suke kira sitirak, wato kamar kwano ne da ake zuba bayanai a ciki, kowanne da sunansa: suna, lamba, waya. A wasu yarukan kwamfuta, kwano yakan gaji wani kwanon, kamar ɗa da uba. Nasu yaren ba shi da gado. Sai suka yi dabarar matan da ke jera samira: a ɗauki ƙaramar a sa a cikin babbar. Babban kwano na Sadisu ne, sunansa Mazauni, a cikinsa an sa ƙaramin kwanon Muhibba mai suna Mutum. In Muhibba ta ce wa kwamfuta, "Ba ni wayar Mazauni," sai kwamfuta ta buɗe babban, ba ta gani ba, ta leƙa ƙaramin, ta gani, ta kawo. Wata takwas ke nan ana haka, ko tari abin bai taɓa yi ba.

Ranar Litinin da hantsi sai ga wata mata ta hawo benen tana haki, garin fulawa har a gira. Sunanta Felicity, tana haya a gida mai lamba goma sha huɗu. Ba ta yi sallama ba, ta jefa takarda a teburin Oga.

"Wane ne mai tura saƙo a nan? Abeg, a nuna min shi!"

Sadisu bai ɗago kai ba. Da haɓa ya nuna Muhibba.

Abin da ya faru shi ne, Felicity tana toya kek da fanke da samosa a cikin gidan, masu babur suna zuwa ɗauka, wata rana har talatin. Yarjejeniyar hayarta kuwa ta hana sana'a a gida. Shekara biyu mai gidan bai sani ba. Sai daga ranar Alhamis wayarsa ta fara kuka: mai babur ya zo gida na sha huɗu, a bar shi? Wani mai babur ya zo, a bar shi? Mai kawo ƙwai ya zo. Mai gas ya zo. Mai gidan kuma ba kowa ba ne illa Alhaji Datti, ciyaman ɗin estet ɗin gaba ɗaya. Ya tara saƙonnin, ya sa aka buga masa su a takarda, ya haɗa da notis ɗin tashi.

"Ni ko saƙo ɗaya bai zo min ba," in ji Felicity. "Samosa na ya huce, masu babur suna tsaye a get kamar masu zaman makoki. Yanzu kuma gida zai tafi. Ke! Me na yi miki? Na taɓa cin naki ne?"

Daga teburin can aka ji wata 'yar dariya ta hanci.

Ba Felicity kaɗai ba ce. Kafin sha biyu wayar Oga ta yi zafi kamar dutsen guga. Wani ya sa 'yan ƙauyensu takwas a ɗaki biyu, an sani. Wata ta mai da falonta wurin kitso, an sani. Wani malamin makaranta, da kowa ke ganin salihi ne, an ga sunan wadda ke zuwa masa kullum ƙarfe biyu, sunan kuma ba na matarsa ba ne. Masu haya sun ce a cire wannan munafukar na'ura daga get. Alhaji Datti, duk da ya ji daɗin abin da ya gano, ya ce a matsayinsa na ciyaman sai an nuna masa wanda ya yi ɓarnar an kore shi a gabansa, in ba haka ba kwangila ta ƙare. Zai zo bayan la'asar.

Oga ya tsaya a kan Muhibba yana share gumi, ya fara da Hausarsa ta koyo.

"Muhibba, kai ne ya rubuta saƙo, ko ba kai ba ne?"

"Ni ce, Oga. Amma wata takwas ban taɓa layin nan ba."

"Ni ban san layi ba. Saƙo naka ne, saƙo ya ɓata. Ƙarfe huɗu, ko ka nuna min inda matsala yake, ko ka ɗauki jakanka. Shi ke nan."

Shekara biyu Muhibba ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu kujerar nan. Amma ko wannan bai kai mata zuciya ba kamar tunanin saukowa benen da jaka a hannu, Sadisu yana kallonta ta taga yana sakace.

Ta buɗe fayil ɗinta. Layin yana nan yadda ta bar shi: ɗauko wayar Mazauni, tura saƙo. Ta karanta daga sama zuwa ƙasa, ta karanta daga ƙasa zuwa sama. Ta buɗe kwanon Mutum, ta duba ta Felicity: lambarta ce, daidai, ba ko sifili ɗaya da ya kauce. Ta tura saƙon gwaji zuwa gida na sha huɗu. Bayan minti ɗaya Oga ya ɗaga waya, aka ji muryar Alhaji har waje: "Wane ne kuma Gwaji Gwaji da ya zo gidana?"

Sadisu ya ce wa bango, "Oga, in ana neman kwali na kwashe kaya, mai shagon ƙasa yana da su."

Muhibba ta cije leɓe. Ta fito da jerin lambobin da saƙonni suka tafi wa tun Alhamis, ta zaɓi uku ta kira. Na farko ya ce shi yana Kano, gidan haya ya bayar. Ta biyu ta ce ita da gidan sai ƙarshen shekara in za a sabunta. Na uku ya ce, "Yauwa, ku ne? Don Allah ku ci gaba da turowa, kada ku daina."

Duk masu gida ne. A ɓangarenta babu lambar mai gida ko ɗaya, ita mazauna da baƙi ta sani. Kwamfuta ba ta ƙirƙiro lamba daga iska. In ba a ɗakinta aka ɗauko ba, to a ɗakin maƙwabci ne. Ɗakin maƙwabci kuwa ta rantse da Allah ba za ta leƙa ba.

Aka kira azahar. Sadisu ya miƙe ya yi miƙa, ya sauka masallaci, daga can kuma kowa ya san wurin mai shinkafa da wake zai zarce. Muhibba ta yi sallarta a lungu, ta daɗe zaune a kan darduma. 'Yar Zariya ce, gidansu ba a wasa da rantsuwa. Amma ta san hukuncin: wanda ya karya, ya ciyar da miskinai goma. Ta auna faranti goma a hannu ɗaya, ta auna fuskar Sadisu a taga a ɗaya hannun. Ba a daɗe ana awon ba.

"Astagfirullah," ta ce, ta koma kan kujera.

Ba sai ta taɓa kwamfutarsa ba. Aikinsu duk a rumbu ɗaya yake, kuma ƙa'ida ce duk wanda ya canza abu sai ya bar 'yar taƙaitacciyar sanarwa, da sunansa da ranar, rumbun kuma ba ya mantuwa. Ita tata sanarwar ba ta wuce "gyara" ko "ƙari". Ta buɗe nasa.

Na farko da idonta ya sauka a kai: "Na gyara lambobin layin C. Hajiya Caja ta zo da sabon turare, ɗakin kamar an fesa maganin sauro."

Na ƙasa: "Na ƙara gidaje shida. Hajiya Caja tana tauna cingam kamar akuya ta samu leda."

Ashe wata bakwai bawan Allah yana zuba cikinsa a wurin. Ya san Oga bai iya buɗewa ba, ya san ita ta rantse. Ya samu rijiyar da zai riƙa tofa yawu ba mai gani. Muhibba ta ji kunnuwanta suna hayaƙi, amma ta daure ta gangara har ranar Laraba, kwana ɗaya kafin ɓarnar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro:

"An ce a sa wayar masu gida. Na sa kwanon Gida a cikin Mazauni, kwamfuta ta tsaya tana ƙorafi wai wayata ta yi karo da ta Hajiya Caja, ba ta san wadda za ta ɗauka ba. Ba ni da lokacinta. Na ɗora tawa a sama, ta yi shiru. Dama a sama nake."

Muhibba ta buɗe fayil ɗin ta gani da idonta. A cikin babban kwano yanzu ƙanana biyu ne a jere, Mutum da Gida, kowanne da abu mai suna waya. Da ya bar su haka, kwamfuta za ta ƙi motsi ta ce wacce, kuma ta ce ɗin, har ta faɗi sunan fayil ɗin Muhibba da lambar layin. Maimakon ya yi taku uku, ko ya ce Oga gaya wa waccan, sai ya kwafo wayar mai gida ya ajiye ta a bakin babban kwanon, ya sa mata suna waya. Kwamfuta kuwa baiwar Allah ce marar wayo: in ta buɗe murfi ta ga abin da aka aike ta a sama, ba ta ƙara leƙa ƙasa. Ba ta tambaya, ba ta ƙorafi. Ta ɗauka ta tafi.

Gyaran ba wuya. Muhibba za ta iya komawa layinta ta rubuta cikakken kwatance, wayar Mutum da ke cikin Mazauni, komai ya daidaita cikin minti biyu. Har ta ɗora yatsu. Sai ta tuna rumbu zai rubuta cewa a fayil ɗinta aka yi gyara, da sunanta. Wanda ya share fitsari ai shi za a ce ya yi. Ta janye hannu, ta ɗauko cingam ta jefa a baki.

Ƙarfe huɗu da kwata Alhaji Datti ya iso, babbar riga tana jan ƙurar bene, Felicity a bayansa, ba gayyatarta aka yi ba. Oga ya ba shi kujerarsa.

"Ina mai laifin?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, yanzu za ka gan shi," in ji Muhibba. Ta haɗa kwamfutarta da babban allon bango da Oga ya saya don burge kwastoma. Ta yi bayanin kwano uku, Alhaji yana gyaɗa kai, Oga yana gyaɗa kai fiye da shi. Sannan ta fito da sanarwar ranar Laraba, ta karanta da ƙarfi, har da "dama a sama nake".

Sadisu ya miƙe kamar an tsikare shi. "Oga, tambaye ta, ba ta rantse ba?"

"Oga, gaya masa na tanadi shinkafar mutum goma."

"To Oga, a tambaye ta wannan. Na taɓa fayil ɗinta? Ban taɓa ba. Aikin da aka sa ni na yi, a ɗakina na yi. Wa ya ce ta rubuta waya kawai ta bar kwamfuta tana lalube? Mai hankali cikakken kwatance yake bayarwa. Da ta rubuta wayar Mutum, ko waya ɗari na jera a sama, ba abin da zai same ta. Lalaci ne. Duk mai wannan aikin ya san haka."

Abin haushin, maganar tasa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Muhibba ta sani, ta kuma ga idon Oga ya fara yawo. Oga yana lissafin cewa Sadisu ya fi ta daɗewa, kuma shi ya san kan gidaje ɗari da ashirin.

"Alhaji," in ji Oga, "kamar dai laifi ya rabu biyu. Amma tunda saƙo na Muhibba ne..."

"Kwamfuta ta gargaɗe shi, Oga," in ji Muhibba. "Da bakinsa ya rubuta. Ya ji, ya toshe mata baki."

"E, amma shi bai shiga wurinka ba. Doka na bai karya ba."

Alhaji ya duba agogo. "Ni ba shari'a na zo ji ba. Yarinya, ki yi haƙuri, in ke ce ke ce."

Muhibba ta gyara zama. Ta ɗora yatsa a kan linzamin kwamfutar, ta ɗan murza sama, kamar hannunta ne ya zame. Rubutun allon ya gangaro. Ta ƙara masa girma, wai don Alhaji ya daina wahalar da ido.

Felicity ce ta fara karantawa, da ƙarfi, da irin Hausarta. "Na gyara get na biyu. Oga ya sake saka rigar jiya, kwana uku ke nan. In ya ɗaga hannu fanka tana neman tsayawa."

Oga ya sauke hannun da ya ɗaga.

"Wannan ba ya cikin maganar," in ji Sadisu.

"Akwai wani," in ji Felicity, ta matsa kusa da allon. "Alhaji Ciyaman yana son lambobin masu gida. Mutumin da in zai kira waya sai ya ba mai gadi ya danna masa. Gida tara, kai babu ko..."

"Ya isa," in ji Alhaji.

"Saura kaɗan, Alhaji."

"Na ce ya isa!" Ya cire tabarau, ya goge, ya mai da. Ya daɗe yana kallon Sadisu. "Ɗan wane ne kai a garinku?"

Bai jira amsa ba, ya juya ga Oga.

"Zacharias, na ga mai laifin. Ko kai ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi, Alhaji. Tun da safe ma ina zarginsa."

Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere. Sadisu ya tattara kofinsa, da rediyonsa, da hularsa ta ƙusa. Ba a nemo kwali ba, a leda ya zuba. Felicity ta bi Alhaji ƙasa tana roƙo a kan notis, yana cewa wannan daban wancan daban, ta kawo masa samosar ya gani tukuna. Oga ya shige banɗaki, an ji yana ta zuba ruwa.

Muhibba ta riga ta shiga fayil ɗin Mazauni, wanda yanzu ya zama nata, da gidajen, da zagin wata bakwai da rumbu ba zai taɓa gogewa ba. Ta cire wayar da ke sama. Ta canza wa ta Gida suna zuwa wayar mai gida. Ta koma layinta ma, ba ta ko kalli gefen Sadisu ba, ta rubuta cikakken kwatancen. Saura ta adana.

Sadisu ya zo wucewa, ya tsaya, ya sunkuya ƙarƙashin teburinta. Doguwar igiyar soket ɗin da ofishin gaba ɗaya ke sha a jikinta, ashe tasa ce, da kuɗinsa ya saya. Ya fizge ta daga bango. Allon bango ya mutu, fankar tsaye ta mutu.

Kwamfutar Muhibba ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ta ɗago ta dube shi, ido cikin ido, karo na farko a wata bakwai, tana tauna cingam ɗinta a hankali.

"Malam Sadisu," ta ce, "tawa tana da batir."

Ta danna adanawa. A wurin sanarwa ta rubuta "gyara", kamar kullum. Sannan ta jawo kujerarta kusa da taga, don saukar benen nan ba abin da za a bari ya wuce ba ne.